Yadda ake riƙe sabar Proxmox a Birnin Kebbi: faifai, wakilin baƙo da shirin ɗaukewar wuta

Wata safiyar Litinin ina kan hanyar Jega, mai wani asibitin kuɗi da nake duba wa kwamfutoci a Birnin Kebbi ya kira ni. "Injiniya, kana ina? Tun da safe an kasa buɗe katin kowa, ga mutane cike da benci." Na ce, "Ranka ya daɗe, sabar tana kunne?" Ya ce tana kunne, fanka na juyawa, fitilu duk kore. Na juyo da mashin. Da na isa na tarar babu abin da ya ƙone, babu kebul ɗin da ya zare. Ma'ajiyar ce ta cika maƙil, injinan ukun da ke zaune a cikin sabar suka daskare wuri ɗaya. Wani sinafshot, wato hoton yadda faifai yake a wani lokaci, da aka ɗauka watanni da suka wuce aka manta da shi, shi ne ya yi ta cin wuri a ɓoye har ya cinye.

Abin da zan shimfiɗa a nan na wanda aka damƙa wa saba ɗaya ne, wato babbar kwamfutar da sauran kwamfutocin wurin ke dogara da ita, a asibiti ko makaranta ko kamfanin casar shinkafa, aka ce ta ɗauki manhajar lissafi da ta rajista da wurin ajiye fayil. Maimakon a sayi kwamfuta uku, sai a yanka kwamfutoci uku a cikin ɗaya. Babbar da ake iya taɓawa da hannu zan riƙa ce mata mai masauki, waɗanda ke zaune cikinta kuma baƙi. Da Proxmox VE zan yi misali domin shi nake aiki da shi. Wani kamfani ne a Biyana ta ƙasar Ostiriya yake yin sa tun 2008, an gina shi a kan Debian, wani nau'in Linux, kuma ana sauke shi kyauta. Mutane da yawa sun koma kansa bayan kamfanin Broadcom ya sayi VMware, mai sayar da irin wannan manhaja, a Nuwamban 2023 tsarin lasisi ya canza.

Kafin ka taɓa filash

Fara da ɗakin. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kebbi yana haura digiri 40, lokacin hunturu kuma ƙura tana shiga ko ta ƙasan ƙofa. Kada a ajiye saba a ƙasa kan siminti, kada a tura ta lungun da iska ba ta ratsawa. A ɗora ta kan tebur ko rak, a bar sarari gaba da baya, domin ta gaba take shaƙar iska ta fitar ta baya. In babu halin na'urar sanyaya ɗaki, fankar da ke janye iska waje ta fi babu. Sau ɗaya a wata a lokacin ƙura, a kashe ta, a buɗe, a hure da buluwa, ana riƙe fankokin da yatsa kada iska ta juya su fiye da ƙima.

Sai faifai, kuma a nan nake roƙon mai kuɗin kada ya yi ƙoro. Yawancin sabobin da ke iso mana takumbo ne daga Computer Village ta Ikeja, irin su Dell R730 ko HP DL380, kuma injinan ba su da laifi. Faifan da suke zuwa da su ne abin tsoro, domin wasu sun yi shekaru suna juyawa dare da rana kafin su shigo jirgi. Umarnin `smartctl -a /dev/sda` zai nuna maka sa'o'in da faifai ya yi yana aiki da adadin wuraren da suka lalace a jikinsa. In ka ga layin Reallocated ko Pending ba sifili ba ne, kada ka ɗora masa bayanan mutane.

Mafi ƙarancin abin da nake yarda da shi shi ne SSD biyu, wato faifai marasa juyawa, masu girma ɗaya, kowane yana ɗauke da kwafin ɗan'uwansa. In da hali a nemi irin na saba, masu kariyar yankewar wuta. Suna da 'yan kafasito a ciki da ke ba su damar ƙarasa rubuta abin da ke hannunsu idan wuta ta tafi ba sallama. A garin da wuta ke zama wannan ƙari ne kawai. A wurinmu yana cikin tushen aikin. Idan faifai mai juyawa za ka saya saboda girma, ka tabbatar nau'in CMR ne, ba nau'in SMR ba, domin SMR yana rarrafe idan ZFS, tsarin da ke riƙe faifan biyu da kwafin juna, ya zo sake gina kwafi.

Shiga BIOS ka kunna VT-x idan firosesar Intel ce, ko SVM idan AMD ce, su ne ke ba injin damar ɗaukar baƙi. Ka nemi inda ake zaɓar abin da inji zai yi bayan wuta ta dawo, ka sa shi ya kunna kansa. Idan ZFS za ka yi amfani da shi, katin RAID ya koma yanayin HBA, domin ZFS yana so ya ga kowane faifai ido da ido. Katin PERC H730 na Dell yana da wannan zaɓi a cikin saitinsa.

Girkawa

Wannan ba ya da wuya. Sauke ISO na Proxmox, wato fayil ɗin girkawa, rubuta shi a filash da balenaEtcher, ko da Rufus amma ka zaɓi yanayin DD. Wuri ɗaya ne zan ce ka tsaya ka natsu: allon zaɓen faifai. Danna Options, zaɓi zfs RAID1, ka sa faifan nan biyu. Idan ka wuce ba ka taɓa komai ba, zai girka a faifai ɗaya da ext4 da LVM, wani tsari daban da ZFS, ranar da faifan ya mutu kuwa komai ya tafi tare da shi. Yankin lokaci Africa/Lagos. Adireshin IP ka ba shi tsayayye, wanda rauta ba za ta raba wa wayar wani ba, ka rubuta shi a takarda ka manna a jikin injin.

Bayan ya tashi, daga wata kwamfuta ka buɗe burauza ka rubuta https:// da adireshin, ka ƙara :8006 a ƙarshe. Ka shiga da root. Idan ba ku biyan kuɗin tallafi, je Updates, sai Repositories, ka kashe na enterprise ka ƙara No-Subscription, sannan ka sabunta. Yi shi da daddare ko lokacin da data ke da sauƙi, domin yana jan megabait masu yawa.

Batun RAM a taƙaice: kada ka raba wa baƙi duk abin da ke akwai. ZFS yana riƙe wani kaso don saurin karatu. Daga Proxmox 8.1 sabuwar girkawa tana iyakance shi a kashi 10 cikin 100 na RAM, kuma ba ya wuce gigabait 16. Tsofaffin girke-girke suna iya cinye rabi. A inji mai gigabait 64 ni nakan tsaya a raba 48, sauran na mai masauki ne.

Ma'ajiya, da alkawarin da ya fi rumbu

A gefen hagu za ka ga ma'ajiya biyu. Wadda ake kira local ta fayilolin ISO ce da makamantansu. Ɗayar, local-zfs ko local-lvm gwargwadon abin da ka zaɓa, ita ce ke riƙe faifan baƙi. Dukansu biyu suna aiki da wata dabara da ya wajaba ka fahimce ta, domin ita ce ta tsayar da asibitin da na faɗa.

Idan ka ce wa baƙo ga faifai mai gigabait 200, mai masauki ba ya ware 200 ɗin nan take. Alkawari kawai ya yi. Abin da baƙon ya rubuta shi kaɗai ake cirewa. Kamar mai sito ne da ke da wurin buhu 500, ya yi wa manoma huɗu alkawarin wurin buhu 200 kowanne, yana lissafin ba za su kawo duka a lokaci ɗaya ba. Muddin lissafin ya riƙe, kowa na jin daɗi. Ranar da kaka ta yi kyau kowa ya cika mota, buhu ya tsaya a waje. A saba kuwa, idan ma'ajiya ta cika, Proxmox zai nuna alamar io-error a kan baƙon ya dakatar da shi, kuma wani lokacin tsarin fayil na ciki yana samun rauni. Abin da ya sa wannan ke yaudarar mutane shi ne, idan ka leƙa cikin baƙon zai ce maka yana da sauran wuri da yawa. Shi alkawarin yake gani, bai san halin da siton ke ciki ba.

Saboda haka daga mai masauki ake duba gaskiya. A ZFS:

`zpool list`
`zfs list -o space`

Na farko yana nuna kashi nawa aka cinye, na biyu yana nuna wa ya cinye, har da abin da sinafshot suka riƙe. A LVM kuma `lvs` ne, ka dubi Data% da Meta% duka biyun, domin ko wanne ya kai 100 aiki ya tsaya. Ni da zarar na ga 80 nake fara magana da mai wurin. ZFS ma da kansa yana yin nauyi idan ya wuce nan.

Abu biyu ke cika ma'ajiya ba tare da an lura ba. Na farko sinafshot. Amfaninsa a fili yake: za ka sabunta manhaja, ka ɗauka, in abu ya ɓaci ka koma baya cikin daƙiƙoƙi. Amma tun daga lokacin da ka ɗauke shi, duk abin da baƙo ya goge ko ya canza ba ya barin faifai, domin sinafshot ɗin yana riƙe da tsohon. Kwana uku ya isa. In aikin ya yi kyau ka goge shi, kuma ka sa masa suna mai ɗauke da kwanan wata da dalili, don wanda zai zo bayanka ya san ko na gogewa ne.

Na biyu, wurin da baƙo ya goge fayil amma bai sanar da mai masauki ba. Maganinsa alamar Discard a kan faifan baƙon, sannan a cikin Linux:

`fstrim -av`
`systemctl enable --now fstrim.timer`

Na biyun zai riƙa yin aikin duk mako. A Windows ka buɗe PowerShell da ikon shugaba ka rubuta `Optimize-Volume -DriveLetter C -ReTrim -Verbose`. Na taɓa ganin ma'ajiyar da ake shirin saya wa sabon faifai ta sauko sosai da wannan kaɗai.

Ƙirƙirar baƙo da saka masa wakili

Danna Create VM. A shafin System ka bar kantarola a VirtIO SCSI single, ka sa alama a Qemu Agent. A shafin Disks ka zaɓi SCSI, ka sa alama a Discard da IO thread, da SSD emulation in SSD ne a ƙasa. Wurin Cache ka bar shi yadda ya zo, wato No cache. Za ka ji ana cewa a sa Write back (unsafe) don gudu. Gudun gaskiya ne, amma yana nufin baƙo zai ɗauka an rubuta abu alhali yana RAM, wuta na tafiya ya bi iska. Ba na yarda da shi a kan bayanan marasa lafiya ko na kuɗin makaranta. Katin netwok VirtIO. Nau'in firosesa, in saba ɗaya ce tak gare ka, zaɓi host. Kada ka ba baƙo faifai mai girman da bai buƙata yau, domin ƙarawa abu ne mai sauƙi, ragewa kuwa babu maɓallinta.

Yanzu wakili. Mai masauki yana ganin baƙo ne daga waje, kamar mai gidan haya da ke tsaye a ƙofar ɗaki. Ya san akwai mutum ciki, amma bai san ko yana barci ko yana tsakiyar aiki ba. Wakili wata 'yar manhaja ce da ke zaune cikin baƙon tana karɓar saƙo daga waje. Ita ke ce masa rufe kanka cikin tsari, ita ke ce masa dakata da rubutu na ɗan lokaci za a ɗauki kwafi, ita ke faɗa wa mai masauki adireshin IP ɗinsa. Kowane tsari da sunan da yake kiran nasa: VMware Tools ko open-vm-tools a VMware, Guest Additions a VirtualBox, Integration Services a Hyper-V. A Proxmox sunansa qemu-guest-agent.

A Debian da Ubuntu:

`apt install qemu-guest-agent`

A Rocky ko AlmaLinux ka sa dnf a madadin apt. Ga inda mutane ke tuntuɓe: idan baƙon yana kunne lokacin da ka sa alamar wakili a Options, sake kunna shi daga ciki ba ya wadatarwa. Sai ka kashe shi gaba ɗaya, ka tayar da shi daga Proxmox, sannan ƙofar da suke magana ta cikinta za ta bayyana. Gwada daga mai masauki, a ce lambar baƙon 101:

`qm agent 101 ping`

In ya dawo shiru, lafiya lau. In ya yi ƙorafi, wakili bai tashi ba. Shafin Summary ma zai fara nuna adireshin IP. Kada ka bar aikin rabi, alama a kunne wakili babu. Na ga inda hakan ya sa umarnin rufewa ya tsaya jira har lokaci ya ƙare aka yanke baƙon da ƙarfi.

Windows yana buƙatar ƙarin haƙuri, domin bai san faifan VirtIO ba. Ka sauke virtio-win.iso, wanda aikin Fedora ke rarrabawa, ka ɗora shi a local, ka saka shi a matsayin CD na biyu. Lokacin girkawa, idan aka zo zaɓen faifai za ka ga wayam. Kada ka tsorata. Danna Load driver, shiga CD na biyu, fulda vioscsi, sai fuldar da ta dace da Windows ɗinka, misali 2k22 ga Server 2022 ko w11 ga Windows 11, sai amd64. Faifan zai fito. Windows 11 kuma yana son UEFI da TPM 2.0, duka suna shafin System. Bayan ya gama, ka buɗe CD ɗin nan ka kunna virtio-win-guest-tools.exe, shi zai saka direban netwok da na RAM da wakilin gaba ɗaya. Leƙa services.msc ka tabbatar QEMU Guest Agent yana gudana.

Idan tsohon Windows ne da ke kan SATA kake so ka mayar SCSI, kada ka canza kai tsaye, shuɗin allo zai tare ka da INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE. Ƙara masa ɗan faifan SCSI mai gigabait 1, ka kunna, ka saka direba har Windows ya gan shi, ka kashe. Sannan ka cire babban faifan da Detach, ka mayar da shi a matsayin SCSI, ka gyara Boot Order, ka goge ƙaramin. Mai ƙaura daga ESXi na VMware kuma, tun Proxmox 8.2 na Afrilun 2024 akwai hanyar janyo baƙi kai tsaye. Ka cire VMware Tools tun baƙon yana tsohon gidansa, domin bayan ƙaura cire shi yana wahala.

Ranar da aka ɗauke wuta

Duk wahalar saka wakili don wannan ranar aka yi ta. Inbata da batir da sola suna rage matsalar, amma batir yana tsufa, ana yin kwana biyu ana hadari a watan Agusta, mai gadi yana iya makara wajen tayar da janareta. Abin da ake nema shi ne, in wutar ajiya ta kusa ƙarewa, sabar ta sani, ta sallami baƙi ɗaya bayan ɗaya, sannan ta kwanta da kanta.

Fara da jerin tashi. A Options na kowane baƙo ka kunna Start at boot, ka cika Start/Shutdown order. Mai lamba 1 shi ke fara tashi, shi ne kuma na ƙarshen kwanciya. Saboda haka rumbun bayanai shi ne 1, manhajar da ke dogara da shi 2. Ka sa jinkiri kamar daƙiƙa 60 bayan na farko don ya gama shiryawa. Proxmox yana jiran baƙo daƙiƙa 180 ya rufe kafin ya yanke shi. Windows mai nauyi yana iya buƙatar fiye da haka, ka auna da agogo ka ƙara masa.

Sai UPS mai kebul ɗin USB a tsakanin inbata da saba. A nemi mai fitar da wuta tsantsa irin ta layi, wadda 'yan kasuwa ke kira pure sine wave, domin na'urar wutar saba ba ta son wadda ba tsantsa ba. Sannan a mai masauki ka saka NUT, manhajar da ke sauraron UPS:

`apt install nut`

A /etc/nut/nut.conf ka sa MODE=standalone. A ups.conf ka ba UPS ɗin suna, direba usbhid-ups, port auto. A upsd.users ka ƙirƙiri mai amfani da kalmar sirri, a upsmon.conf ka sa layin MONITOR mai ɗauke da su. Umarnin `upsc` tare da sunan UPS ɗin zai nuna maka cajin batir da ko ana kan layi ko kan batir. NUT yana rufe inji ne idan UPS ya ce batir ya yi ƙasa, amma gajiyayyen batir yana faɗin haka saura ƙiris ya mutu. Shi ya sa nake ƙara layi biyu a ups.conf, `ignorelb` da `override.battery.charge.low = 50`, don a fara rufewa tun batir yana rabi.

Kada ka ce ka gama sai ka gwada. Zaɓi yammacin Juma'a ko wata ranar da babu aiki, ka sanar da mai wurin, ka zare filogin UPS daga bango, ka tsaya da agogo kana kallon baƙi suna kwanciya bi da bi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yaron da ke koyon aiki a wurina ya taɓa tambayata, "Oga, in muka zare kuma ta ƙi tashi fa?" Na ce masa gara ta ƙi tashi muna tsaye a kanta da kwafin ajiya a hannu, da ta ƙi tashi ƙarfe 2 na dare ana jiran sakamakon gwajin jini.

Kwafin ajiya

Faifai biyu masu kwafin juna suna kare ka daga mutuwar faifai ne kawai. In ma'aikaci ya goge fulda, ko ƙwayar cutar neman fansa ta kulle fayiloli, duka biyun za su ɗauki ɓarnar a daƙiƙa ɗaya. Sinafshot ma yana kan faifan da yake karewa, in gobara ta tashi tare za su tafi.

Je Datacenter, Backup, Add. Zaɓi baƙi, zaɓi lokaci, yanayi Snapshot, matsewa ZSTD. A nan ma wakili ke aiki: yana dakatar da rubutu na ɗan lokaci don kwafin ya fito cikakke, a Windows ta hanyar VSS. Lokacin da za ka zaɓa ya zama wanda ka san akwai wuta. Inda sola ce ke riƙe da su, ƙarfe 1 na rana ya fi tsakar dare. A Retention nakan bar na kwana 7, na mako 4, na wata 3.

Wurin zubawa kada ya zama faifan da baƙi ke kai. Mafi sauƙi faifan waje na USB. Akwai tarko a nan: in faifan ya zare ba a lura ba, Proxmox zai ci gaba da zuba kwafi a fuldar da babu kowa, wadda ke kan faifan mai masauki, har ya cika shi. Rufe wannan ƙofa da:

`pvesm set sunan-maajiya --is_mountpoint yes`

Yanzu in faifan ba ya nan aikin zai ƙi gudana ya yi ƙorafi, kuma hakan ake so. A sayi faifan waje biyu ana musanya su duk mako, ɗaya yana kwana a wani gini daban. In akwai tsohuwar kwamfuta, a girka mata Proxmox Backup Server, wanda ake shiga ta :8007. Abin da ya canza kawai yake ɗauka, kuma yana iya kulle kwafin da mabuɗi. Ga asibiti da makaranta wannan kullewar tana da muhimmanci, domin Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe bayanan mutane alhakin tsare su, kuma faifan da ke yawo cikin jaka yana iya ɓata.

Sau ɗaya a wata ka maido da kwafi ɗaya zuwa sabuwar lamba, misali 901, ka cire masa netwok kafin ka kunna don kada ya yi karo da na ainihi, ka shiga ka buɗe katin jiya ka gani da idonka, sannan ka goge shi.

In baƙo ya nemi ƙarin wuri

Duba siton tukuna da `zpool list`. In akwai wuri:

`qm resize 101 scsi0 +20G`

A Ubuntu Server da aka girka da LVM yadda ya zo, fatishan na 3 ne yawanci, amma ka tabbatar da `lsblk`:

`growpart /dev/sda 3`
`pvresize /dev/sda3`
`lvextend -r -l +100%FREE /dev/ubuntu-vg/ubuntu-lv`

A Windows, Disk Management ne sai Extend Volume. In ka ga zaɓin a dushe, fatishan ɗin Recovery ne ya tsaya tsakanin C da sabon filin.

In faifai ya mutu

Duk Litinin ka rubuta `zpool status`. ONLINE ake so a kowane layi, da sifili a READ, WRITE da CKSUM. ZFS yana bin faifan gaba ɗaya yana tantancewa a Lahadi ta biyu ta kowane wata, sakamakon yana nan a wurin. Ka leƙa shafin Disks ka dubi Wearout, wato yawan gajiyar SSD. Ka kuma saita saƙon imel ya riƙa zuwa adireshin da kake buɗewa da gaske, domin saba mai faifai biyu tana ci gaba da aiki da ɗaya ba wanda ya sani, sai na biyun ya bi shi.

In ka ga DEGRADED, ɗauki kwafin ajiya kafin komai. Sannan ka gano wane faifai ne ta lambar jikinsa, wadda `ls -l /dev/disk/by-id` ke nunawa. Kada ka dogara da sda da sdb, suna iya musanya suna bayan an sake kunnawa. Saka sabon, ka kwafa masa tsarin fatishan daga mai lafiyar:

`sgdisk /dev/MAI-LAFIYA -R /dev/SABO`
`sgdisk -G /dev/SABO`

Karanta layin farko sau biyu kafin ka danna. In ka juya sunayen, tsarin sabon faifai marar komai ne zai hau kan mai lafiyar. Daga nan:

`zpool replace -f rpool TSOHO /dev/disk/by-id/SABO-part3`
`proxmox-boot-tool format /dev/disk/by-id/SABO-part2`
`proxmox-boot-tool init /dev/disk/by-id/SABO-part2`

In injin yana tashi da GRUB ne, wanda `proxmox-boot-tool status` zai faɗa maka, ka ƙara kalmar grub a ƙarshen layin init. Layuka biyun ƙarshe su ake yawan mantawa, kuma in babu su sabon faifan yana da bayanai amma ba zai iya tayar da injin ba ranar da ɗan'uwansa ya tafi. Sake ginawar tana iya ɗaukar sa'o'i, a lokacin kuma kwafi ɗaya tak kake da shi, don haka a tanadi man janareta kafin a fara. Ka riƙa duba `zpool status` har sai ya rubuta resilvered da 0 errors, layukan duka sun koma ONLINE. Tsohon faifan kuma kada a jefar da shi a shara ko a ba masu gwangwan, akwai sunayen mutane a ciki. A huda shi da dirila wuri uku, in SSD ne a farfasa ƙwayoyin da ke kan allonsa.